Na Gane Naɗin Filastata a Jikin Sandar

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan abinci ba ya min daɗi, kuma duk danginmu babu wanda zan faɗa wa wannan maganar ba tare da gidanmu ya kama da wuta ba. Ki yi haƙuri da rubutun, in kin ga na shiga nan na fita can, haka zuciyar take.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata goma sha huɗu a sashen gaggawa na wani asibiti. Ba sai na cika ki da labarin aikinmu ba, amma ki sani safar hannu ma sai mun yi faɗa a kanta, filasta kuwa na daɗe da daina jiran a kawo, tawa nake saya in sa a jaka. Ina da wata ɗabi'a da kowa ya san ni da ita a wurin aiki: duk filastar da na naɗa, sai na lanƙwasa ƙarshenta na yi mata ɗan kunne, don mai cirewa kada ya tsaya yana ƙwaƙular fatar majinyaci da farce. Abokan aikina har tsokanata suke yi, wai ko a cikin duhu suka shafa ciwo suka ji kunne, sun san ni na bi ta wurin. Ki riƙe maganar kunnen nan, ita ce ta hana ni sakat.

Ina da ƙane, autanmu, shekararsa ashirin da bakwai, yana gyaran waya. Babanmu ya rasu yana aji biyu na firamare, don haka tare da Mama muka raine shi, ni ce mai wanka, ni ce mai duba aikin gida, ni ce mai zuwa ba da haƙuri idan ya yi ɓarna. Auta abu biyu ya sa a gaba a duniya: ƙwallo da kiɗa. Kuma ba kiɗan da mutum zai ji ya gyaɗa kai ba, a'a, irin wanda suke kira rok, jita na kuka kamar ana yanka kwanon rufi, wani ƙato na ihu kamar an taka masa yatsa. Ni dai ban ga abin so a ciki ba, wallahi. Mama mai hawan jini ce, sau nawa ina zuwa gidan in tarar tagogi na rawa ita kuma ta ɗaure kai da ɗankwali. Na yi faɗan har na gaji. Shi ne kuma mai buga wa magoya bayan ƙungiyar unguwarsu ganga a filin wasa. Wata uku da suka wuce ya nuna min tafin hannunsa duk ya yi bororo saboda sandar gangar, na zage shi tas, sannan na ɗauko filastata na naɗe masa mariƙin sandar tsaf, na yi mata kunne kamar yadda na saba.

Ranar Asabar ɗin waccan ina aikin yamma, wajen ƙarfe biyar da rabi, aka shigo da wani mutum jina-jina, ya dafe idonsa na hagu. Mataimakin alƙalin wasa ne, mai ɗaga tuta. Ashe ƙungiyar su Auta ce ta ci ƙwallo ana dab da tashi, shi kuma ya ɗaga tuta wai an yi satar gida, aka soke. Shi ke nan fili ya hargitse, jifa ta ko'ina. Ni fa wannan abin na ba ni mamaki, Gwaggo. Magidanta da gemunsu, a kan fata mai iska a ciki, su nemi ran mutum! Duk Asabar sai mun ɗinke kai biyu ko uku, har mun saba, mukan tambayi juna yau wa da wa ke wasa don mu san yawan zaren da za mu tanada.

Muna tsayar masa da jini sai ga ɗan sanda ya shigo da abin da aka jefe shi da shi a cikin leda, yana son likita ya gani. Sandar ganga ce, mariƙinta naɗe da filasta, ta yi dauɗa, amma ga ɗan kunnen nan a tsaye yana kallona. Na ce zan je ɗauko auduga, na shiga ɗakin ajiya na jingina da bango, na fi minti biyar ban san inda nake ba.

Mutumin nan malamin firamare ne, tutar sha'awa ce kawai yake yi a ƙarshen mako. Likitan ido ya ce sai kumburi ya sauka za a san ko idon zai dawo, na'urar da za a duba shi da ita kuma ta lalace tun bara, ana ta rubuta takarda. Shi bai ga wanda ya jefe shi ba. Damuwarsa ma wai takardun jarabawar ɗalibansa na nan bai duba ba. Kullum ni ke wanke masa ciwon, kullum sai ya sa min albarka, ya ce hannuna ba zafi. Ki ji fa! Na daina yi wa filastarsa kunne don tsoro, har wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko lafiya.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na haɗiye na yi shiru, Allah Ya yafe min. Amma an kama wani. Ƙungiyar su Auta wani ɗan siyasa ne ke ɗaukar nauyinta, hotonsa ne ma a ƙirjin rigunansu. Ya zo asibiti da masu ɗaukar hoto, ya riƙe hannun malamin na daƙiƙa goma, ya yi alkawarin fitar da shi waje, tun ranar ko ƙeyarsa ba mu ƙara gani ba. Yaransa ne suka nuna wa 'yan sanda wani mai facin taya, wanda duk unguwa an san ɗan ɗaya jam'iyyar ne kuma bakinsa ba ya shiru. Mutumin ya je kallo, gaskiya ne, an kuma ce ya yi zagi, amma me zai haɗa mai faci da sandar ganga? Yau kwanansa tara a tsare. Matarsa kullum tana bakin ƙofar ɗakin majinyata da goyo a baya, tana jiran a bar ta ta roƙi malamin ya ce ba mijinta ne ya jefe shi ba, shi kuma ya ce ba zai rantse a kan abin da bai gani ba. Nakan wuce ta gabanta da tire a hannu, ta gaishe ni har ƙasa. Ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Auta kuwa tun ranar kiɗa ya mutu a gidanmu. Mama sai hamdala take, wai Allah Ya karɓi addu'arta yaro ya yi hankali. Ni da na yi shekaru ina roƙon a kashe min wannan hayaniyar, yau shirun ne ke neman kashe ni. Ya rame, ba ya haɗa ido da ni. Shekaranjiya na je gaida Mama, sai ya shigo da sabuwar sanda ya ajiye kusa da jakata, ya ce tsohuwar ta ɓata, in taimaka in naɗe masa wannan. Na ce filastata ta ƙare, alhali guda biyu ne a jakar. Ya ɗauki abarsa ya fita, ban tambaye shi komai ba.

Maigidana na ɗan ɓantara masa labarin, ya ce in rufe bakina, aikina jinya ne ba bincike ba, kuma in Mama ta faɗi a kan wannan, dangi ni za su tsine wa har in mutu. Yana da gaskiyarsa. Ina tsoron ran Mama, ina tsoron abin da ɗaurin kurkuku zai mayar da Auta, ina tsoron yaran ɗan siyasar nan. Kuma ina jin haushin kowa: haushin ƙwallo, haushin masu mulki, haushin asibitin da ba na'ura, haushin direban da ya watsa min ruwan kwata a farar riga jiya. Gwaggo, in tona ƙanen da na goya, ko in bar bawan Allah ya ruɓe a tsare a kan abin da na san bai yi ba?

Taki cikin damuwa,
Yayar Auta

*

'Yata Yayar Auta,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na tausaya miki ƙwarai. Ki share hawaye mu yi magana, don akwai mutum a tsare, lokaci ba namu ba ne.

Da farko mu sauke kayan da ba na tafiyar nan ba. Jita ba ta jefi kowa ba, ƙwallo ma haka. Ɗan siyasar da na'urar da ta lalace sun cancanci fushinki, amma ina ganin kina yawan waiwayarsu ne don sun fi Auta sauƙin zagi. Ki ajiye su zuwa wani lokaci.

Na biyu, ki lura da iyakar abin da kika sani. Kin san sandar ta Auta ce. Ba ki ga hannun da ya jefa ta ba. A cikin hargitsi ana iya fizge abu daga hannun mutum. Ban ce haka aka yi ba, ramarsa da shirunsa ma ba su nuna haka ba, amma bai kamata ki yanke masa hukunci ba ki ji ta bakinsa ba. Kwana goma sha ɗaya kuna zagaye juna. Ni a ganina, da ya ajiye sabuwar sandar nan kusa da jakarki ba filasta ya zo nema ba. Ya san hannunki, ya san inda kike aiki, ya san kin gani. Ya zo ne ki tambaye shi, ke kuma kika ce filasta ta ƙare.

Saboda haka gobe, ba jibi ba, ki kira shi wani wuri da ba gaban Mama ba, ki faɗa masa abin da kika gani a cikin ledar nan, ki yi shiru ki saurare shi. Kada ki yi zagi, kin yi na shekara ashirin ya isa. In ya ce wani ne ya fizge, to ya san ko waye, ko aƙalla ya san ba mai faci ba ne, kuma dole ya je ya faɗa. In ya amsa shi ne, ku nemi lauya tun kafin ku taka ofishin 'yan sanda, ku tafi da wani babba a dangi mai nutsuwa, ya kai kansa da ƙafarsa. Wanda ya kai kansa ya nemi gafara ba ɗaya yake da wanda aka zaƙulo ba, a wurin hukuma da wurin wanda aka cuta. Ba zan yi miki alkawarin zai fita salin-alin ba. Ido ne aka taɓa, akwai hukunci, akwai ɗawainiyar magani da ta hau kanku. Ki ba shi kwana biyu, ki kuma faɗa masa a fili cewa in bai je ba ke za ki je. In kin faɗa, ki cika.

Maigidanki ba mugu ba ne, tsoro yake ji miki, kuma tsoron yaran ɗan siyasar ba wasa ba ne, shi ya sa na ce komai ya bi ta hannun lauya, kada ki tunkari kowa ke kaɗai. Amma inda ya ce ba ruwanki, nan ya kuskure. Kullum da kika yi shiru, matar nan da goyonta ne ke biyan shirun. Mama kuma kada ku raina ta. Ke ma'aikaciyar jinya ce: ki tabbatar ta sha maganinta, ki zaunar da ita, ku faɗa mata ku biyu da bakinku. Jin sa daga gare ku ya fi mata sauƙi a kan ta tsince shi a bakin maƙwabta ranar da motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar gida. A wurin aiki kuwa, ki sanar da shugabarku a mayar da malamin hannun wata, bai dace ki ci gaba da jinyarsa da wannan nauyin a ƙirji ba.

Kin ce ke ce mai zuwa ba da haƙuri duk lokacin da Auta ya yi ɓarna. Wannan karon ki raka shi, amma ki tsaya a bayansa, shi zai yi magana. Ba tona shi za ki yi ba, 'yata, ƙarasa rainon da kika fara za ki yi. Sabuwar sandar kuwa kada ki naɗa masa ita sai ya je ya amsa cewa tsohuwar tasa ce.

Allah Ya ba malamin lafiyar idonsa, Ya mayar da mai faci ga iyalinsa, Ya sanyaya zuciyar Mama. Ke kuma Ya ba ki ƙarfin hali, har ranar da za ki koma yi wa filastarki kunne ba tare da tsoro ba.

Gwaggonku