Bencinka Ya Je Taron Bahago, Baba

Zuwa ga mahaifina, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗiya ke yi wa uba, gwiwa a ƙasa, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima. Mu nan Filinge lafiya lau. An gama girbi, gero ya yi dama-dama, Inna tana nan tana fama da gwiwarta da kuma bakinta da ba ya gajiya.

Na san a bainar jama'a nake rubuta wannan takarda, kowa zai karanta. Da gangan na yi. Akwai mutum ɗaya a garin nan da nake so a karanta masa ita a hankali, kada a tsallake masa ko layi ɗaya.

Baba, Bahago ya dawo gida. Yaron nan naka da ya zama mai ci wa ƙasa ƙwallo, wanda ake kiran sunansa a rediyo har mata su tsayar da daka, ya aje wasa. Watan jiya aka shirya masa taro a filin ƙwallo na gari. Na je. Ban je ni kaɗai ba, na tafi da bencinka.

Kai ka san bencin, amma masu karatu ba su sani ba, bari in gaya musu. Katako ne mai kauri da kake zama a kai kana facin tayar keke a gindin bishiyar bedi, bakin hanyar kasuwa. Da la'asar in aiki ya lafa, sai ka kwantar da shi a gefensa, ka ja da baya taku ashirin, ka ce wa Bahago ya doke shi da ƙwallo. In ya kuskure, shi zai bi ƙwallon har cikin ƙaya. Ni nake kawo maka fura a lokacin, na sha jin ƙarar katakon tun daga kwanar masallaci.

Kowa a gari yana ganin ƙafar hagu ba ta da albarka. Kakarsa ta sha ɗaure masa hannun hagu don ya koyi ci da dama. Kai kaɗai ka ce, "Ku bar mai ƙahwatai. Wadda Allah ya ba shi ke nan, da ita za shi ci abinci."

Wanda ya fi kowa kushe ƙafar nan shi ne Alhaji Nomau, dillalin hatsi, abokinka na ƙuruciya, wanda kuka yi kiwon awaki tare a Tabla. Ya saya wa ƙungiyar gari riguna sau ɗaya, shi ke nan ya zama Perzidan, shugaban ƙungiya, har abada. Bai san inda ake hura ƙwallo ba. Da kunnena na ji shi yana cewa, "Wanga bahagon banza mi za shi yi muna? A hidda shi a sa ɗana."

Sai ga labari mutanen Yamai za su zo neman ƴan wasa. Ka tuna rigarka shuɗiya ta Sallah? Ni na wanke ta, na goge ta da dutsen guga na gawayi, har na ƙona yatsa. Ka rataye ta a ƙusa, kana ta kallonta kamar sabon ango.

Ana jibi za su zo, Nomau ya zo gindin bedi. Ya ce abin kunya ne baƙi su tarar da fili babu raga, ya ce ya sayi raga tana wurin wani mutum a Abala, kuma ba wanda ya yarda da shi ya karɓo sai kai. Ya ce baƙin sun ɗaga zuwansu da kwana uku. Ka yarda, don kai ko kare ya yi maka rantsuwa sai ka yarda. Ka hau motar ƴan kasuwa ka tafi.

Babu raga a Abala. Babu ma mai sunan da ya ba ka. Ka kwana biyu kana tambaya gida-gida, ka dawo hannu wofi, ka tarar baƙi sun zo sun tafi da Bahago. A takardar da suka cika, wurin da aka ce wa ya horar da shi, sunan Nomau ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shekarata goma sha biyu. Na ga ka shigo gida, ka dubi rigar nan a ƙusa, ka sauke ta ka ninke ka sa a akwati. Ni kuwa tun ranar na haɗiye wani abu da har yau bai narke ba.

Nomau bai tsaya nan ba. Ya zo ya gaya maka wai yaron ya ce kada mai facin taya ya zo ya ba shi kunya gaban manya. Ka ji zafin wannan fiye da tafiyar Abala, na sani, don a ranar ba ka sha fura ba. Daga nan ba ka sake neman Bahago ba, shi ma bai neme ka ba. In ya zo gari, gidan Nomau yake sauka, mota ta ɗauke shi ta mayar.

Amma ran da ya ci wa ƙasa ƙwallonsa na farko, ka ɗauko wuƙar yankan roba ka tsaga bakin benci. Daga nan ya zama ƙa'ida. Doguwar tsaga, ƙafar hagu. Gajera, ƙafar dama. In da kai ya ci, sai ka sa ƙusa a wuta ka ɗiga baƙin tabo. Wasan kulob ba ya shiga, sai na ƙasa. Kuma ba ka tsagawa don mai rediyo ya yi ihu, sai ka gani da idonka a tele, ko mutum biyu masu hankali sun shaida maka da wace ƙafa, kamar ganin watan azumi.

Ni haushi nake ji. Na sha ce maka mutumin da ya manta da kai, me ya sa kake lalata katako saboda shi? Sai ka yi dariya ka ce, "Uwata, ba shi nika ƙirga ma ba. Ƙahwar nika ƙirga ma, ita ta san ni."

Akwai guda ɗaya da ka ƙi tsagawa. Ƙwallon ya taɓa hannunsa kafin ya shiga raga, alƙalin wasa bai gani ba, gari duk ya ɗauki sowa, har da masu buga garwa. Ka sa na maimaita maka hoton a waya sau uku. Sannan ka mayar da wuƙa aljihu ka ce, "Wagga ba tashi ba ta, ta alƙali ta." Ka bar gurbi faɗin yatsa biyu, ka ci gaba daga gaba. Masu lissafi na Yamai suna da adadinsu, bencinka yana da nasa, kuma naka ya gaza nasu da ɗaya.

Duk tsawon shekarun nan Nomau yana shiga rediyo. Duk ƙwallon da aka ci sai a neme shi, ya gyara murya ya ce, "Ni na gano shi, ni na raine shi, tun yana ƙarami na ce ƙahwag ga ta hagu zinariya ta." Kana zaune kana shafa wa taya gam kana ji. Wallahi Baba, sau da yawa na so in jefa rediyon nan a rijiya.

Da ciwo ya kwantar da kai, ka ba ni amana biyu. Ka ce in ci gaba da tsaga. Ka ce kuma in Nomau ya taɓa tambaya, in ce masa ka yafe. Ta farkon na riƙe ta da hannu biyu. Bahago bai zo gaisuwa ba. Nomau ya zo, ya zauna a sahun gaba, ya fi kowa ɗaga hannu wurin addu'a.

To, ran taro. An kafa rumfuna, an jera kujerun laushi da aka aro daga gidajen manya, makaɗa sun zo. Na tashi daga lekol inda nake koyarwa, na sallami yaran ajina, na ɗora benci a amalanken jaki. Inna ta ce, "Ke, kar ki jawo muna magana." Na ce mata maganar ta daɗe da jawuwa, yau sauke ta za a yi.

Na isa Nomau yana tsakiyar jawabi, babbar riga ta sha aiki, lasifika a hannu. Ya kai daidai wurin da yake cewa shi ya saya wa yaron ƙwallonsa na farko. Ban yi sallama ba, Allah ya yafe mini. Na sa aka sauke benci a tsakiyar fili, gaban manyan baƙi, na kwantar da shi a gefensa kamar yadda kake yi. Na ja gefe na tsaya.

Mutane suka fara gunaguni, wani ya taso zai janye shi. Sai Bahago ya miƙe. Baba, ya yi ƙiba kaɗan, furfura ta fara fito masa a gemu, amma tafiyar nan tasa ta karkace tana nan. Ya zo ya durƙusa. Ya shafa tsakiyar katakon, wurin da ƙwallo ya cinye har ya yi kwari. Sannan ya ga tsagogin.

Ban yi masa bayani ba, shi ya gane. Ya ɗora yatsa a ta farko ya faɗi ƙasar da aka ci. Ya matsa ta biyu. Yana bi yana faɗa, doguwa, doguwa, gajera, tabo, fili ya yi tsit har kana jin kukan jakin da ya kawo ni. Da yatsansa ya faɗa cikin gurbin nan, sai ya tsaya. Ya ɗago hannunsa na dama ya dube shi. Ya ce, "Ya gani ashe." Sai hawaye.

A nan ya tambaye ni, gaban kowa, me ya sa ka ƙi zuwa ran da za a tafi da shi. Ya ce Nomau ya gaya masa wai ka yi fushi, ka ce in ya bi mutanen Yamai babu kai babu shi, ko gawarka kada ya zo. Shekara da shekaru yana ɗauke da wannan. Shi ya sa bai zo gaisuwa ba, yana tsoron saɓa maka.

Na ce masa, da ƙarfi yadda na baya za su ji, an aiki mahaifina Abala ɗauko raga. Ga wanda ya aike shi nan tsaye, a tambaye shi ko ta iso.

Baba, da ka ga Nomau. Lasifika tana hannunsa. Ya nemi wanda zai miƙa wa ita, kowa ya sunkuyar da kai. Tsofaffin da suka san zancen tun asali suka yi shiru shekaru, su ma sai kallon takalmansu suke yi, kuma ban manta da fuskar ko ɗaya ba. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Na ji daɗi har cikin ƙashina, kuma ban yi istigfari a kan wannan daɗin ba tukuna.

Bahago ya karɓi lasifikar ya faɗi sunanka sau uku. Bai koma kujerar laushi ba, ya tayar da benci ya zauna a kai har aka tashi.

Ƙwallonsa na ƙarshe ban tsaga ba, na bar shi da gangan. Na ciro wuƙarka na ba shi. Ya yi doguwar tsaga, ta fito a karkace. Da kana nan da ka yi masa faɗa, ka ce aikin gaggawa. Ya tambaya ko ya cike gurbin nan, na ce wanda ya bar shi bai ba ni izini ba. Ya ce gara haka.

Washegari da hantsi Nomau ya zo gida, ba mota, ba babbar riga. Ya tsaya a zaure yana murza hula, ya tambaya ko ka bar wata magana a kansa. Na isar da amanarka kamar yadda ka ba ni, ban rage ko harafi ba. Na ce ka yafe. Ya sauke ajiyar zuciya, har ya fara godiya. Na ce masa wannan na Baba ne. Nawa daban, ni da na goge rigar.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce mahaƙurci mawadaci, za ka ce ɗiya mace da riƙo ba kyau. Ka yi haƙurin, Baba, na ga abin da ya saya maka: an binne ka yaron da ka fi so yana zaton ka tsine masa. Wannan ba taro ɗaya ke biyansa ba.

Bahago ya so ya tafi da benci Yamai, na hana. Na mayar da shi gindin bedi, inda ka bar shi. Ka san nan ce hanyar Nomau zuwa rumfarsa ta hatsi. Duk ran kasuwa nakan je in zauna a kai da safe. In ya taho sai in miƙe da ladabi, in rusuna yadda ka koya mini, in ce, "Ina kwana, Perzidan. Ragar Abala ta iso?" Jiya na ga ya zaga ta bayan mahauta, da ƙafarsa mai ciwo, cikin ƙudaje. Mako mai zuwa can zan kai bencin.

Na yi kewarka, Baba. Jiya na shafa tsagogin, na gane inda hannunka ya tsaya nawa ya fara, naka sun fi zurfi. Har yanzu katakon yana warin gam. Rigarka shuɗiya tana cikin akwati, da ninkin da ka yi mata.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba ka ladan kowace la'asar da ka kwantar da benci. Ni kuma ya sanyaya mini zuciya in lokacin ya yi, don ni dai ban iya ba.

Ɗiya ba ta kiran sunan ubanta, ka yafe mini wannan rashin kunya sau ɗaya. An bar wurin sunanka a takarda shekaru da yawa, yau zan cike shi da hannuna. Wanda ya horar da Bahago: Idi mai facin keke, na gindin bedi, Filinge.

Taka har abada,
Uwarka, Balkisa.