Batir a Bargon Jika

Hajiya,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya ƙafar taki? Albishirinki: Auta ta sauka lafiya shekaranjiya. Angonki ya iso, ƙato, da kunnuwana sak!

Yau da azahar za a sallame su daga asibiti, mijinta kuma aiki ya riƙe shi a wani gari. Ni zan ɗauko su, ga tsohuwar motarsa ta ƙi tashi. Tun safe nake hawa bene ina sauka, na kasa zama. Da na murɗa makulli sai ƙas-ƙas kawai, fitilu suka dushe. Shekara talatin ina tuƙi, na san ba mai ba ne, ba fulogi ba. Sanyi ne ya kashe wa batir jiki. Na kankare kawunansa, na ciro shi, na rungumo shi har ɗaki kusa da hita mai ɗumama ɗakin.

Ni lafiyata lau. In kin ga rubutun ya karkace, kada ki zargi malaminmu na ajin yamma, yatsun ne ba sa jin magana a sanyin garin nan. Ki aiko min man zafin nan naki.

Sai abu ɗaya, ki yafe ni. Bargon da kika saƙa wa jaririn, shi na lulluɓa wa batirin.

Yanzu na mayar da batirin cikin motar na gwada. Ta tashi, Hajiya, bugu ɗaya! Gefen bargon ya ɗan yi baƙi, amma angonki zai shige shi da ɗuminsa. Allah ya raya mana shi.

Naki,
tsohon angon