Jif Biyu da Makullin da Baba Ya Karɓe

Malam Na'inna,

Assalamu alaikum. Don Allah ka agaza mini da shawara kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa, domin wallahi raina ya gama ɓaci. Yau kwana tara ina zaune a gida kamar mai takaba, an karɓe mini makullin mota, kuma laifina ɗaya ne tak: na faɗi gaskiya.

Ni direba ne a nan Kontagora. Baba Jinaidu, yayan mahaifina, shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida, kuma shekara biyar ke nan ni nake jan akori-kurarsa. Yana fataucin hatsi, yana da gona a can bayan Sahon Rami. Firamare kaɗai na yi, amma babu littafin mota da ya taɓa faɗowa hannuna ban cinye shi ba, da ƙamus a gefe, har mujallun da mai ƙosai ke yagewa tana naɗe wa mutane. Ba yabon kai ba, akwai bakaniken da ke aiko mini in karanta masa.

Daminar bara sau huɗu muna kafewa a hanyar gona, har taki ya jiƙe mana. Shi ne Baba ya ce bana jif zai saya. Wani dillali, Sati, ya kawo guda biyu 'yan Kwatano, aka jera su a ƙofar gida, rabin unguwa ya taru.

Ta farko babba ce, doguwa, tsohuwar yayi. Tana da ƙaramar giya ta biyu, wadda muke ce wa fowil. A kwalta ƙafafun baya ke ja. In an zo laka sai ka sauka ka murɗa makullin cibiyar tayoyin gaba, ka ja ƙaramar giyar, gaba da baya su haɗe. In abin ya yi tsanani ka sa ta a giyar ƙarfi, ta riƙa rarrafe kamar tantan har ta fita. Ta biyun kuwa 'yar gayu ce, gajera, sai sheƙi. Ita kullum ƙafa huɗu ke ja, ita ke raba ƙarfin da kanta, ba ruwanka. Amma ba ta da giyar ƙarfi, cikinta kuma kusa da ƙasa yake. A ramukan da manyan motocin gawayi suka haƙa a hanyarmu, zama za ta yi a kan cikinta kamar kaza a kan ƙwai.

Sati sai zuba yake, wai ai duk ƙafa huɗu ƙafa huɗu ce. Haba! To ai jaki ma ƙafa huɗu gare shi, akuya ma haka, wa ya taɓa ɗora wa akuya mangala?

Ga abin da ya ƙona mini rai. Baba ya zagaya babbar, ya buɗe ƙofa, ya kama marfin, ya ɗaga ƙafa ya mayar, ya tsaya yana kallon kujerar kamar mai karanta wasiƙa, sai ya rufe. Ko shiga bai yi ba! Ya wuce ya zauna a 'yar gayun, ya ce wannan ta yi masa. Na yi bayani a hankali, ya ce ya ji. Na ɗauko littafi na buɗe, ya ce in rufe. Nan fa bakina ya kufce, na ce masa a gaban jama'a da ido yake sayen mota kamar mai zaɓen atamfa, kuma ranar da ta kafe kada a neme ni turi. Hannu kawai Baba ya miƙo, na sa masa makullin akori-kurar.

Malam, ni da tun azumin bara nake ɗaukar masa kujera zuwa masallaci, da yake a zaune yake salla yanzu, ni nake sayo masa man zafi, duk wannan bai gani ba sai magana ɗaya? Matarsa, Inna Hajjo, ta ce in je in ba da haƙuri. Haƙurin me? In ce ƙarya na yi? Ƙarshen wata Sati zai dawo a gama ciniki, kuma na ji ana cigiyar sabon direba. Ni kuwa wani ya yi mini tayin jan tirela a Legas. Shin in tafi ne in bar su da 'yar gayunsu, ko yaya?

Naka,
Direban da ba makulli, Kontagora

Wa alaikumus salam, ɗana.

Karatunka bai tashi a banza ba. A hanyar gona mai laka da rami, babbar ce mota, saboda giyar ƙarfi da tsayin ciki. Amma ka rage wa ƙaramar mudu. Ɗan fatauci ya fi daɗewa a kan kwalta, kuma in ana ruwa a hanyar Minna, wadda ke jan ƙafa huɗu kullum ta fi riƙe titi, ta kuma fi sauƙin shan mai a wannan zamani na dogon layi a gidan mai. Babbar kuwa in aka manta fowil a kan kwalta, ɓarna ce. Kowacce da ranarta.

Sai dai ba wannan ce matsalarka ba. Ka karanta littattafai da yawa, yanzu koma ka karanta wasiƙarka. Dattijon da ke salla a zaune, wanda kake sayo wa man zafi, ya kama ƙofar doguwar mota, ya ɗaga ƙafa ya mayar. Me ka ga ya faru a nan? Ni ban ga mai zaɓen atamfa ba. Na ga mutumin da gwiwarsa ta ƙi hawa, rabin unguwa na kallonsa, ya gwammace a ce bai san mota ba da a ce ya kasa shiga. Kai da ya kamata ka fara ganewa, kai ka ƙara tara masa idanu. Baki shi ke yanka wuya.

Ka ajiye zancen Legas. Ka bi Inna Hajjo ku shiga wurinsa, ba littafi a hannunka. Ba a ce ka ƙaryata kanka ba, haƙurin kalamanka za ka bayar, kuma sun cancanci a ba da shi. Kada ka ambaci gwiwa, ko da wasa.

In ya sauko, ka roƙi Sati ya kawo babbar wani wuri da ba jama'a. Kafin nan ka sa mai walda ya yi maka ɗan matakin ƙarfe, ka ajiye a bakin ƙofar kamar da ma can na motar ne, ka kau da kai. In ya hau, sai ka faɗi ra'ayinka sau ɗaya, a taƙaice. In kuma ƙaramar ya zaɓa, motarsa ce. Ka ja ta da zuciya ɗaya, ka tabbata tayoyinta huɗu iri ɗaya ne, don ba ta son gauraye, ranar ruwa mai yawa kuma ku haƙura da gona har ƙasa ta tsane.

Ranar da ta kafe kuwa, ka riga kowa sauka turi. Wanda ya ɗauke ka kana ɗan shekara shida bai tambayi nauyinka ba.

Allah Ya huci zuciyar Baba, Ya ba shi lafiya, Ya mayar maka da makullinka.

Malam Na'inna