Na musanya maganin kansar ƙanwata da nawa

Assalamu alaikum. A ɓoye sunana. Masu zagi ku adana bakinku, na riga ku zagin kaina, shawara na zo nema.

Ni 'yar Jibiya ce, hatsi nake sayarwa kusa da boda. Shekara huɗu ke nan aka yi min aikin kansar mama a Katsina, aka ɗora ni kan wasu ƙwayoyi, na samu lafiya. Bana ƙanwata da ke aure a Daddara ta ji ƙullutu a nata, na kai ta asibiti. Likitar, yarinyar da na yi 'ya da ita, ta ɗebi ɗan nama aka gwada, ta rubuta magani daban. Na ce, "Likita, nawa fa da ya yi min aiki?" Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Hajiya, suna ne ɗaya, ciwon kowa daban. Naki ba zai taɓa nata ba." A gaban ƙanwata! Ni da na kwanta da ciwon nan za a mayar jahila? Uwa ɗaya uba ɗaya, ta ina jikinmu ya bambanta?

Maganin likitar ya yi ta sa ta amai. Da yake ni ke karɓo mata, sai na sa aka sayo min irin nawa daga Maraɗi, in zubar da nata a masai in cika kwalbar da shi, na ce mata kamfani ne ya canza. Amai ya tsaya, tana cewa, "Yaya, na hwara jin daɗin jikina." Wata uku ina haka, ina jin kaina.

Jiya aka yi mata hoto, abin ya kai hammatarta. Likitar ta tambaye ni, "Tana sha kullum?" Na ce eh. Ta ce to maganin da ya fi dacewa da ita ya ƙi, ranar Litinin za su koma wani mai tsanani. Mijin ƙanwata ya yi ta zagi a waje, "Wagga likita ba ta san komi ba!" Wallahi har da ni a taya shi.

Har yanzu ina jin haushin yarinyar likitar nan, da ta yi min bayani da mutunci da ban aikata ba. Amma maganin bai ƙi ba, ko sati biyu ƙanwata ba ta yi tana sha ba. In na yi shiru za su ajiye abin da zai iya cetonta. In na faɗa, mijinta ba zai sake bari in taka gidansa ba. Ɗazu ta kira ni ta ce, "Yaya, ke za ki raka ni Litinin, da ke kaɗai na yarda."

Me zan yi?