Ƙarshen Labarin Santambul Yana Bakin Baba

Rusaifa, Makka.

Zuwa ga ƙanwata Adama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara da duk mutanen Damagaram. Mu nan alhamdulillahi. Uwargida Maryama ƙafar ta yi sauƙi, ɗana Talal ya samu aiki a wani shago a unguwar Shisha, har ya fara yi mana ƙafafa. Baba ne dai sai addu'a, kuma saboda shi na zauna rubutun nan, don a waya kuka yake hana ni magana.

Tun da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da shi, Larabci ya fice masa daga baki ƙaƙaf. Mutumin da ya tsufa yana ciniki da Larabawa, yau ko ruwa da Hausa yake roƙo. Kuma ba shi da zance sai na mahaifinsa, kakanmu Malam Sada, lokacin da yana saurayi ya bi wani attajirin Makka zuwa Santambul yana dafa masa shayi, bayan an naɗa mutumin a majalisar dattawan Turkawa. Ke kin sha jin guntayen labarin, autar Baba, 'yar lele, ni kuwa sai ta bayan ƙofa. Yana faɗin yadda jam'iyyu biyu suka sa juna a gaba. Yau waɗannan su fice daga zauren don kada a samu adadin yin zama, gobe waɗancan su yi wa mutum alkawarin muƙami ya kwana nasu ya tashi na wasu. Maigidan Kaka bai shiga kowane ɓangare ba, don haka kowa ya ɗora masa ido. Ana gab da wata babbar ƙuri'a, sai mutanen jam'iyya ɗaya suka tare Kaka a kasuwa, suka ce ya gaya wa maigidansa an ɗage zaman, ko kuwa ba zai sake ganin Makka ba.

Nan yake tsayawa kullum, Adama. Ko Kaka ya yi ƙaryar ko ya ƙi, ban sani ba, kuma na tabbata ke ma bai taɓa kai ki ƙarshe ba. 'Yata Tahani yake ba labarin, yana tsokanarta yana kiranta matarsa kamar yadda suka saba. Ita kuma wannan majalisar take nazari a jami'a, ta haddace rigingimunta cikin littattafai, amma Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba. Kin san halin Baba, ba ya ci gaba sai an amsa masa, an tambaye shi sai aka yi yaya. Ya yi tambaya, yarinya ta yi murmushi, ya jira, ya juya fuska bango. Ta fito tana kuka, tana cewa kakanta yana miƙo mata abu hannunta ya kasa karɓa. Mun gwada waya, yana ganinta ya tsuke baki. Muryarki ma da muka sa masa bai gane ta ba.

Ni da nake jin kowace kalma, ni ne ɗan fari. Bai taɓa kama sunana ba, bai taɓa hira da ni ba, kuma ciwon da ya kwashe Larabci ya bar masa kunyar nan daram. Jiya bayan la'asar na kasa daurewa. Da ya kai wurin da yake tsayawa, na ɗaga labule na durƙusa, na tambaye shi sai aka yi yaya. Ya dube ni har na sa rai. Sai ya ja mayafi ya rufe fuska, ya ce wa Tahani ta gaya wa wancan ya kira masa Adama.

To, na kira ki. Likita ya ce mu daina lissafin watanni, abinci ma sai da lallashi. Wallahi tsoro nake ji. Don Allah ki bar komai ki taho, kada ki jira hutun yara.

Ki gaishe da Malam Mudassir, da Inna Khadijatu, da Mu'minat da ƙannenta. Tahani ta ce in gaya miki ta gyara miki shimfiɗa a ɗakin Baba, kusa da kunnensa mai ji.

Ni ne yayanki,
Abdulbaƙi.