Ranar da Baba ya ajiye taru

Zuwa ga Yaya Hamisu a Kwatano,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya yara? Mu nan Madarumfa lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Yaya, albishirinka. Mushe Idi, malaminmu na lakwal, ya ce rubutacciyar waƙa ba ta aji kaɗai ba ce, sai a kai ta inda jama'a suke. Mu 'yan ajinsa mun karanta waƙoƙinmu a tasha, mun karanta wurin injin niƙa har mai injin ya kashe shi don mata su ji. Ran Juma'a da la'asar muka sauka bakin tabki, inda masunta ke ɗinkin taru.

Da aka zo kaina, na karanta wadda na rubuta a kan kwalekwalenka da ke kife tun tafiyarka. Baba na zaune a wurin, kuma ka san tun da ka bar kamun kifi bai ƙara ambaton sunanka ba. Da na gama sai ya ajiye tarun ya ce, "Sani, maimaita wurin Hamisu." A gaban kowa, Yaya!

Mushe ya ɗauka a kaset, zan ba direba ya kawo maka. Ka sa mu a addu'a, kasuwar Ɗan Issa za mu nan gaba. Inna na gaishe ku. Baba bai ce in gaishe ka ba, cewa ya yi in tambaye ka ko kifin teku ya kai na tabkinmu daɗi. Don Allah ka ba shi amsa.

Ƙanenka,
Sani