Garkar Baba a Hannun Gidan Fannami

Gure, bazarar 1975

Zuwa ga yayana Illa, a Nguru.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarka Habsu, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da A'i da yara, ya kuma sauƙaƙa maka dakon da aka ce kana yi a tashar jirgi. Mu nan da sauƙi. Goggo ta tashi daga tarin da ya so ya tafi da ita, har ta koma faɗa da kowa. Baba kuwa idon ya ƙarasa tafiya, yanzu da murya yake gane mu. Malam Tanimu ke rubuta mini, na kuma ce masa kada ya sanyaya maganata ko ta yi zafi, don a tsorace nake.

Yaya, garkarmu ta cikin kwari za ta fita hannunmu. Shekarar farin nan da ka tafi, Baba ya ba maƙwabcinmu Fannami aronta, tunda babu mai ja masa guga. Ka san yadda ake yi: mai aro ba ya dasa itace, kuma duk girbi yakan kawo kwandon farko gidan mai ƙasa, don mutane su gani su shaida. Fannami ya kawo nasa, masara ce 'yar kaɗan. Baba ya ji kukan jikokin Fannami ta bayan danga, sai ya ce a mayar masa, wai ba zai ci abin da aka cire daga bakin yara ba. Girbin da ya biyo ma haka ya yi. Goggo ta ce ya ɗebi ko tafin hannu ɗaya don shaida, ya ce ita dai ba ta da kunya. To ga inda kunyar ta kai mu.

Ƙarshen bara gwamnatin sojoji ta faɗa a rediyo cewa daga yanzu gona ta wanda ke noma ta ce, ko ta wace hanya ta zo hannunsa. Ni ban ce dokar ba ta da kai ba. Akwai manya masu gonaki rututu da ba su taɓa riƙe hauya ba, talaka na yi musu gumi. Amma mu garka ɗaya ce! Shanun sun mutu a gabanka, gonar tudu rairayi ya cinye rabinta, wuri guda da ya rage mana mai ruwa a ƙasa shi ne wannan kwarin. Shi zai ciyar da Baba da Goggo in Allah ya ja kwanansu.

Fannami kansa in ya hango ni sai ya sake hanya. Babban ɗansa Abatcha shi ne ya tsaya. Ya ce a gaban mai gari su suka sake haƙa rijiyar da ta rufta, su suka kare garkar daga rairayi, kuma wa ya taɓa ganin kwandonsu ya kwana a gidanmu? Aka tambayi dattawa, suka ce gaskiya sun ga an kai, sun kuma ga an dawo da shi. Aka tambayi Baba, ya ce shi ba zai yi shari'a da mutumin da suka ci tuwo kwano ɗaya tun suna samari ba. Na buɗe baki, aka ce mata su yi shiru.

Mai gari ya tausaya mana. Ya ce ba shi da ikon tsallake maganar sojoji, amma in ɗan gidan ya zo ya sa hannunsa a ƙasar, mutane suka gan shi yana aiki, zai raba garkar biyu. Mijina Abarshi ya ce shi zai shiga, aka ce suruki ba ɗan gida ba ne. Ni na ɗauki hauya na tafi da goyo a bayana, na yi ta sara har tafin hannuna ya fashe, matan Abatcha na kallo suna dariya, aka ce wannan ba ya shiga lissafi. Kai kaɗai ake nufi, Yaya. Kuma Abatcha ya riga ya samo 'ya'yan dabino na dashe, na gan su da idona a gindin rijiya an lulluɓe su da tsumma mai ruwa. Ruwan farko yake jira ya dasa. In dabino ya kama ƙasa magana ta ƙare, ko mai gari ba zai ce a tumɓuke ba. Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma.

Na san ba daɗi ya zaunar da kai can ba. Na san ka rantse ba za ka dawo hannu wofi ba. Don Allah ka bar wannan rantsuwa, ba mai tambayarka tsaraba. Ka zo da rigar jikinka, ko a bayan kamiyo ne, babbar motar nan mai ɗaukar kanwa. In A'i ba za ta iya tafiyar ba ka bar ta wurin 'yan uwanta, bayan shuka ka koma.

Akwai abin da na yi wanda dole ka sani. Bayan zaman mai gari Baba ya daina cin abinci, sai na ce masa wani direba ya gan ka, ka ce kana tafe. A take ya nemi fura ya sha. Ya sa Abarshi ya sake wa hauyarka ƙota, ya ajiye ta kusa da tabarmarsa. Yanzu kullum a ƙofar gida yake wuni, duk motar da ta yi ƙara ta hanyar kudu sai ya ɗaga kai ya ce a je a duba. In ba za ka zo ba, ka rubuto ka faɗa masa da kanka, ni ba zan iya ba.

Ka gaishe mini da A'i, ka shafa mini kan yara. Goggo na gaishe ka, ta ce in ka iso za ta ja maka kunne kafin ta ba ka ruwa. Abarshi da Malam Tanimu ma suna gaisuwa. Baba ne kawai bai aiko da gaisuwa ba, don a wurinsa kana hanya.

Ƙanwarka,
Habsu